Kyanwata da Hijabin Mariyama

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar nan ba, ko da yake ba wata ƙara ba ce da za ta sa mai hankali ya ɗaga kai. Ƙurus, ƙurus, ƙurus. Ina zaune a tsakar gida da hantsi, ina tsince tsakuwa daga wake a faifai, sai na ji ta tana fitowa daga ɗakin baƙi. Da fari na ɗauka ɓera ne ya samu gyaɗa. Na ajiye faifan, na ɗauki tsintsiya, na leƙa. Ba ɓera ba ne. Kyanwata ce Marka, ta duƙa a gefen katifar ƙanwar mijina Mariyama, tana taunar abin nan da na gaji da roƙonta ta ci tana ƙi. Ita kuwa Mariyama ko kallonta ba ta yi ba, tana kwance tana latsa waya.

Na tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, na rasa ko in shiga ko in koma.

Bari in ɗan koma baya, kada ku ce matar nan ba ta da aikin yi. Marka tsintarta na yi a kwatar bayan gidanmu a Cadawa, wata damina da ruwa ya ƙi ɗaukewa, shi ya sa na raɗa mata wannan suna. Idonta ma bai gama buɗewa ba. Da auduga nake tsoma nono ina ɗiga mata a baki, a kwali take kwana kusa da gadona, in ta yi kuka in tashi kamar mai jego. Maigida ɗan kasuwar hatsi ne, yau yana Gazawa, gobe Maraɗi. Manyan yarana biyu suna kwalej a Agye wajen kawunsu, auta Halima kuma in ta tafi lakol, wato makaranta, sai gidan ya yi tsit. To a cikin wannan shirun Marka ta girma. In ina girki tana gefen murhu. In na shimfiɗa sallaya sai ta zo ta zauna a bakinta, ta naɗe wutsiya, ba ta tashi sai na shafa addu'a. Har na kan ce a raina, wannan baiwar Allah ta fi wasu mutanen ladabi.

Da bazarar shekarar nan ta haihu, aka yaye 'ya'yan, maƙwabta suka rarraba su. Daga nan ta fara lalacewa. Gashi yana zuba, haƙarƙari a waje, in ta yi tsalle kan katanga sai ta zame. Na dami Baban Halima har ya saka ta a kwali ya ɗaure a bayan moto, wato babur, ya kai ta wajen likitan dabbobi a Agye (ya dawo da yakushi a hannu, ya kwana bai yi mini magana mai daɗi ba). Likita ya ce ba wata cuta ba ce, jikinta ne ya ƙare da shayarwa, tana bukatar abin ƙarin ƙarfi. Ya faɗi sunan wani abu, Baban Halima ya samo shi a Maraɗi. Leda ce mai ƙyalli, da hoton wata kyanwar Turawa mai kumatu a jiki, a ciki kuma ƙwayoyi ne masu ruwan ƙasa, girman wake, masu warin kifi. Na zauna na karanta bayan ledar da ɗan Faransancin da na fito da shi daga kwalej: man kifi, sinadaran gyaran jiki da na gashi, a ba da kaɗan kullum. An rubuta wai kyanwoyi suna matuƙar son shi. Wanda ya rubuta bai san Marka ba.

Na miƙa mata a tafin hannu, ta shinshina, ta dube ni, ta juya ta tafi. Na daka shi na zuba a nonon da nake saye wajen wata Bafulatana, ta bar nonon gaba ɗaya. Na jiƙa shi a romon kifi, ta lashe gefen kwanon ta bar tsakiya. Na cusa shi cikin tsokar nama (naman miyar maigida, Allah Ya yafe mini), ta cinye naman tas, ta ajiye ƙwayar a ƙasa a wanke, kamar mai dawo da kayan aro. Likita ya ce a fara kaɗan-kaɗan, a gauraya da abin da ta saba ci, kuma kada a matsa mata. Biyun farko na bi su yadda ya ce. Na ukun kuwa na fahimce shi yadda ya yi mini daɗi: ban taɓa buɗe mata baki da ƙarfi ba, amma na bi ta da kwano bayan randa, na bi ta ɗakin girki, na zauna gabanta ido cikin ido ina cewa, "Ci mana, 'yar albarka. Ɗaya tak. Don Allah ɗaya."

Ana cikin haka aka yi hutun lakol, Mariyama ta zo mana. Malama ce a wani ƙauye kusa da Gangara, yarinya mai tsabta da kaifin baki, kuma tun ranar da aka kawo ni gidan yayanta muke wasa da ita. Abu ɗaya ne ba mu haɗu a kai ba: ba ta son kyanwa. Ta ce gashi, ta ce wari, ta ce ido kamar na mai bin sirrin mutane. In Marka ta matso sai ta ɗage ƙafa ta ce, "Ke, tahi can."

To ita ce na tarar Marka tana cin ƙwayar nan a gefenta.

Na ce, "Malama, mi kika ba ta?"

Ta ce, "Abin nan naki mai warin kasuwar kihi. Ta dame ni da kuka, na jefa mata."

"Jefa mata kika yi?"

"To da, matar Yaya, shimfiɗa zan yi mata in kawo ruwan wanke hannu?"

Na ce, "Alhamdu lillahi." Harshena da gaske yake. Zuciyata kuwa ba ta bi harshen ba.

Na jira Marka ta fito, na ɗauko ƙwaya ɗaya daga ledar nan dai, na miƙa mata da murmushi. Ta kauce hannuna kamar an ce mata akwai ƙaya a ciki.

Daga ranar abin ya zauna haka. Mariyama ta jefa, Marka ta ci. Ni in ba ta, ta ƙi. Da yamma muna cin tuwo Baban Halima ya dubi kyanwar ya ce, "Kai, gashin nan ya fara kwanciya. Ashe likita ce muka samu a gida ba mu sani ba." Mariyama ta ce, "Yaya, sai a fara biyana." Suka yi dariya, ni ma na yi, irin dariyar da haƙora ne kawai suke yinta. Ni da na raine ta da auduga. Ni da na yi ta tashi saboda kukanta. Ba wanda ya ce sannu.

Bai tsaya a ci ba. Marka ta kwashe kayanta, in ji masu magana, ta koma ɗakin baƙi. Kan akwatin Mariyama take barci. In Mariyama ta shiga wanka sai ta zauna a bakin ƙofa tana jira, a fito a ce mata "tahi can," ta bi bayan mai korarta tana kaɗa wutsiya. Wata asuba na idar da salla, na kai hannu gefen sallaya yadda na saba, na taɓa tabarma. Sai da na daɗe a zaune. Na yi istigfari, na ce wa kaina, ke yanzu mace mai 'ya'ya uku, mai zuwa karatun Islamiyya, kina jin haushin baiwar Allah saboda kyanwa? Na tashi da niyyar na daina. Kafin azahar na kama kaina ina lura cewa Mariyama tana barin murfin randa a buɗe, kuma tafiyarta ma akwai ɗan yanga a ciki (shekara da shekaru tana wannan tafiyar ban taɓa gani ba sai da kyanwa ta shiga tsakaninmu).

Abin da ya dace shi ne in tambaye ta, in ce Malama koya mini. Amma bakina ya ƙi. Sai na koma bincike a ɓoye, kamar yadda aka koya mana a ajin kimiyya: a canza abu ɗaya, a ga abin da zai faru. Na lura da hagu take jefawa, na gwada da hagu. Na lura da hantsi take ba ta, na jira hantsi. Na ce to ƙila ƙamshi ne, tunda kyanwa da hanci take gane mutane. Na wanke hannu da sabulun Mariyama. Na lakaci man shafawarta. Marka ta shinshina yatsuna, ta yi atishawa, ta haye katanga.

Ina gaya wa kaina wai tsoro nake ji, hutu zai ƙare, Malama za ta tafi, kyanwa za ta koma ramewa. Wannan gaskiya ne, kuma yana hana ni sukuni. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinsa: ko da za a ce Mariyama za ta zauna da mu har abada, ni dai ina so Marka ta ci a hannuna.

A cikin hutun nan ne maganar aurenta ta taso. Wani malamin lakol ne ɗan Sae Sabuwa, Lawali, sun daɗe suna son juna, maza sun riga sun fara magana. Sai aka aiko cewa gwaggonsa, wata Hajiya, za ta zo da wata 'yar'uwarsu su gaishe mu, su kuma ga yarinya da idonsu, kamar yadda aka saba. Mahaifiyar su Mariyama ta rasu, don haka gidan yayanta za a zo, ni ce kuma zan tsaya a matsayin uwa. Na ji daɗin wannan girma ƙwarai. Ranar na share gida har bayan rumbu, na soya cincin, na yanka kaza, na turara ɗaki. An ce bayan la'asar za su iso. Da aka yi azahar Mariyama ta shiga maƙwabta a ƙarasa mata kitso, ta yafa ɗan gyale, ta bar hijabinta rataye a ƙusar bayan ƙofa.

Hijabi ne ruwan goro, da ɗinkin farin zare a bakinsa, wanda duk Cadawa ba mai irinsa. Kullum shi take sawa. Na shiga ɗakin don in ƙara garwashi a kasko, idona ya faɗa kansa, sai wani tunani ya zo mini, kuma na rantse muku a lokacin gani na yi kamar ban taɓa yin tunani mai kyau irinsa ba. Sabulu da mai ai ƙamshin kanti ne. Ƙamshin mutum a tufarsa yake.

Na duba tsakar gida. Halima tana zaure tana wasa da 'yartsana. Marka tana kwance ƙarƙashin rumbu, inda take fakewa in rana ta yi zafi. Na ce minti kaɗan ne, kafin kowa ya dawo na mayar.

Na zura hijabin, na ja shi har kan gira. Na ɗauki ledar. Na taka zuwa rumbu da tafiyar Mariyama, har da yangar. Na tsaya, na maƙale murya na ce, "Ke, tahi can," na jefa ƙwaya da hagu. Ta gangara ta tsaya daidai hancin Marka. Ta dubi ƙwayar. Ta dube ni. Duk wanda ya ce dabba ba ta raina mutum bai ga wannan kallon ba.

Da mai hankali ce da nan ta tsaya. Ni kuwa sai na durƙusa. Daga durƙuso na kai gwiwar hannu ƙasa, na cusa kaina ƙarƙashin rumbu, sauran jikina a waje. Na tura mata ƙwayar da yatsa, ta janye. Nan ne na tuna yadda muke yi wa yaro in ya ƙi kunu: uwa ta kai ludayi bakinta, ta kurɓa, ta lumshe ido ta ce daɗi, sai yaro ya miƙo hannu. Da haka na yaye 'ya'yana duka. Na ce to ita ma ai 'yata ce.

Na yi bisimilla, na jefa ɗaya a baki.

Ku ɗauka an daka busasshen kifi da alli, an ajiye shi a gwangwanin da aka taɓa zuba kalanzir. Haka yake. Amma na daure, na tauna da ƙarfi yadda za ta ji, na tanɗe baki, na ce, "Mmm, daɗi. Marka, daɗi." Ta ɗaga kunne ɗaya. Ganin haka na ƙara biyu. Har na yi mata ɗan kukansu na kyanwoyi, a hankali, don ta san ana tare.

Abin da ban sani ba, baƙin Sae Sabuwa sun samu motar 'yan kasuwa da ta taso da wuri. Sun yi sallama a zaure, Halima ta amsa, ta ce su shigo, ta ruga ɗaki ɗauko tabarma kamar yadda na koya mata. Ni kaina yana ƙarƙashin rumbu, hijabi ya toshe mini kunne, ga ƙarar taunata. Ban san da mutane ba sai da na ji raɗa a bayana, da irin harshen nan na mutanen yamma.

"Ita ta, Hajiya. Ga hijabin da Lawali ya nuna muna ga waya."

"To mi taka yi nan ƙasa?"

"Wani abu taka ci."

Na ji an ɗaga ledar da na ajiye a gefen ƙafata.

"Hajiya, hoton mussa na ga ledar."

Haƙorana suka tsaya a kan ƙwayar. Sai ƙaramar ta ƙara rage murya ta ce, "Ko dai ɗiyar tana da iska, sunka ɓoye muna?"

Yanzu zan faɗi abin da ban so faɗa ba. Ban fito nan take ba. Na yi lamo, fuskata a ƙasa, wata murya a cikina tana cewa, ba su ga fuskarki ba. In kika yi shiru za su ja da baya su koma zaure, ki zagaya ta bayan rumbu ki cire hijabin, ki fito musu a matsayin uwar gida mai kamala. Abin da suka gani kuwa, ai mai hijabi suka gani. Muryar har ta ƙara da cewa, ba ita ce gwanar kyanwa ba? To ga ta nan.

Numfashi biyu ko uku ne, amma na ji su. Sai na tuna irin maganar nan ta iska, in ta shiga mota ta isa wani gari, ba ta dawowa. Yarinya marainiya, an ba ni amanar tsaya mata. Na ce a'uzu billahi a zuci, na fara fitowa da baya.

Fita da baya daga ƙarƙashin rumbu ba abu ne da ake yi da mutunci ba. Zanena ya kama wani dutse, ƙeyata ta bugi itace, na miƙe da yanar gizo a goshi da ƙasa a gwiwa. Ga dattijuwa doguwa da carbi a hannu, ga wata matashiya riƙe da ledar. Ga kuma bakina cike. Ba a amsa gaisuwa da abu a baki, ba a kuma tofarwa a gaban baƙi. Na haɗiye.

Na ce, "Sannunku da zuwa. Ba ita ba ce. Ni ce matar yayanta."

Hajiya ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ke ta uwar gidan?"

"Ni ce, Hajiya."

"To ɗiyata, lahiya dai?"

"Lahiya lau. Kyanwar ce ba ta ci."

"Shi na ke kika ci mata?"

Matashiyar ta cusa bakin gyalenta a baki, kafaɗunta suna rawa. Na shiga bayani, kuma kowace kalma sai ta ƙara nutsar da ni. Na ce magani ne. Na ce ba magani ba ne sosai, abin ƙarin ƙarfi ne. Na ce ba haramun a ciki, na karanta, kifi ne. Na ce hijabin kuma saboda ƙamshi ne. Hajiya ta ce, "Ƙamshi." Na ce eh, don kyanwar ta ɗauka Mariyama ce. Ta ce, "Ta ɗauka?" Na ce a'a. Ta gyaɗa kai a hankali, ta ja carbi ɗaya, ta ce, "Allah shi ba da ladar jinƙai." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Halima ta iso da tabarma, na shimfiɗa musu a inuwa, na ruga na kuskure baki har sau ban san adadi ba. Na kawo ruwa, na kawo cincin a faranti. Matashiyar ta ɗauki ɗaya, ta juya shi, ta shinshina, ta dube ni da fuskar ladabi ta ce, "Yaya, wanga na mutane na ko?" Hajiya ta daka mata harara, amma na ga gefen bakinta ita ma yana motsi.

Sai a lokacin na tuna har yanzu hijabin yana jikina, kuma sai a lokacin Mariyama ta shigo da sabon kitso. Ta ga baƙi, ta gan ni cikin hijabinta da yanar gizo. Yarinya mai tarbiyya, ta durƙusa can gefen tabarma, ta sunkuyar da kai, ta gaishe su da murya ƙasa-ƙasa. Hajiya tana amsawa tana ƙare mata kallo. Can sai ga Marka ta fito daga ƙarƙashin rumbu, ta yi miƙa, ta wuce ni kamar turmi ne a ajiye, ta je ta goga kai a gwiwar Mariyama. Ita kuwa kunya ta hana ta cewa "tahi can" a gaban surukai. Sai ta laluba ledar da ke kan tabarma, kanta a sunkuye, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta cilla gefe don a rabu da ita. Marka ta bi ta cinye, ta dawo ta kwanta a bakin zanenta.

Hajiya ta yi murmushi ta ce wa abokiyar tafiyarta, "Kin gani? Mussar ga ta yarda da ita. Ni hankalina ya kwanta." Sannan ta waiwayo gare ni, da tausayi na gaske a fuskarta, ta ce, "Ke ma ki yi haƙuri, ɗiyata. Wata rana ta ci naki."

Na ce amin. Me zan ce?

Bayan mun raka su, Mariyama ta jingina da bangon zaure tana dariya har da hawaye. Ta ce in maimaita mata yadda na yi muryarta. Na ƙi. Ta ce to tafiyar fa? Amma da na gaya mata maganar iskar da aka yi, sai dariyar ta tsaya. Ta ce, "Matar Yaya, da ba ki hito ba fa?" Na ce, "Ai na hito." Ta rungume ni, sannan ta ja baya ta ce in je in ƙara wanke baki. Baban Halima kuwa da ya dawo ya ji labari, sai da ya gama cin kazar baƙi, sannan ya tambaye ni ko in ya koma Maraɗi leda ɗaya zai sayo ko biyu, tunda masu ci sun ƙaru.

An yi auren bayan kaka, lafiya lau. Da muka kai amarya Sae Sabuwa, tun daga bakin ƙofa na ga mata suna taɓa juna suna nuna ni da leɓe. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta kamo hannuna ta ce, "Ke ce ta mussa?" Aka kawo abinci, aka ajiye mini kan kifi a gabana ni kaɗai. Na ci abina. In mutum ya riga ya haɗiye wancan a gaban surukai, kan kifi ba ya ba shi tsoro.

Marka tana nan, ta yi ƙiba, gashinta yana sheƙi, kuma ni nake ba ta ƙwayarta. Ajiyewa nake yi a murfin kwano kusa da randa, in juya baya in kama wani aiki, in na dawo babu. (Wani lokaci ina leƙenta ta madubin da ke jikin tagar ɗaki, amma wannan tsakanina da ku ne.) Ta dawo bakin sallaya ma, ranar da ta ga dama. Abin da na koya, na farko, kada mace ta ari hijabin amarya ranar da ake jiran dangin ango. Na biyu, ashe ana iya son abu har a hana shi sakewa, mai son kuma yana nan yana lissafa wa kansa lada.

Wannan na biyun ba da kaina na gano shi ba. Washegarin zuwan baƙin ne da safe, kunya ba ta gama sakina ba, amma na sake ɗauko ledar. Na zauna a ƙasa gaban Marka da ƙwaya a tafin hannu, na kafa mata ido, ina cewa ci mana, ci mana. Halima tana gefe da kwanon ɗumame a cinya. Ta daɗe tana kallonmu, ni da kyanwar, sannan ta lashe yatsa ta ce:

"Mama, ki daina kallonta mana. Tanti Mariyama ba ta kallonta. Ni ma in kika tsare ni da ido haka, tuwon ba ya wucewa."